Muryar da ke Bayan Mai Zobe Bakwai

3 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Mai Tambaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda kike so. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwa da ke riga rediyonku ba ni labarin sanyi. Kunne ma ya fara yi mini rowa, shi ya sa na ce wa mahaifiyarki ta daina wahalar da kanta da kira. Takarda ba ta sa mutum ya yi ta cewa "na'am?"

Ita ce ta aiko mini cewa an ɗora miki shirin ƙarshen shekara, na tunawa da mawaƙan da suka rasu daidai lokacin hutu, kuma kina neman wanda ya san tsofaffin waƙoƙi. Na yi murna ƙwarai. Tun da na ajiye alli ban sami ɗaliba ba, ga shi wadda ta ishe ni da tambaya tun tana shekara huɗu ta dawo aji.

Bari in fara da kuskuren da kusan kowa ke yi, har da masu aikinku. Mutane na ɗauka duk muryar da suka ji a waƙa ta wanda hotonsa ke jikin kaset ce. Ba haka ba ne. Ɗauki waƙar Mai Zobe Bakwai ta bankwana a tasha. Kin san wurin nan a baiti na uku, inda murya ke tashi sama siririya ta daɗe ba ta sauko ba, har mata su dafe ƙirji? Kowa cewa yake, "Kai, Mai Zobe akwai maƙogwaro." To, ba ita ba ce. Wata ce daga cikin 'yan amshinta. Ki saurara da kyau ki gaya mini abin da kika ji. Wannan shi ne aikin gida na farko.

Na duba littafina na fitar miki da mutum uku da bai kamata ki tsallake ba. Akwai Ɗan Tela, wanda zazzaɓi ya ɗauke da safiyar hutu, kayan mutane na kan kekensa bai gama ba, don har ya mutu bai yarda waƙa sana'a ce ba. Akwai tsoho Mai Sarewa, da ya cika a ranar ƙarshe ta shekara. Sai Mai Zobe Bakwai, haɗarin mota, kwana biyu kafin hutu, bana shekara goma sha tara. Kada ki bari a ce a shirinki wai lokacin ne ke cin mawaƙa. Lokacin ne aka fi gayyatarsu, su yi wasa nan su yi can, hanya cike, direba bai runtsa ba. Mu muna gida da iyalanmu, su suna kan titi.

In kwafin gidan rediyonku bai fita sosai ba, ina da wani kaset na waƙar tasha da babu mai irinsa.

Ki ci abinci a kan lokaci. Mahaifiyarki ta ce kin rame.

Kawunki

14 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Yaya gwiwa, yaya kunne? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau, kuma ban rame ba, hoton ne aka ɗauka ta gefe. Wasiƙarka ta zo ofis, har aka taru ana kallona. Wani ya ce shekararsa shida a nan bai taɓa ganin ambulan mai kan sarki ba sai yau.

Na gode da sunayen. Na fara da Ɗan Tela. Na nemo waƙoƙinsa biyu a ɗakin ajiya, wani ɗaki ne a ƙarshen baranda, ba taga, fanka ɗaya mai kuka, faya-fayai jere har rufi. Can nake wuni yanzu. Kowa a sashenmu ya riga ya rubuta ranar tafiyarsa a allo, ni kaɗai ce sabuwa, don haka ni ce mai gadin hutu. Wadda muke haya tare ma ta fara ɗaure jaka. Ban damu ba, sai dai in na dawo na tarar da takalmana kaɗai a bakin ƙofa.

Aikin gida kuwa, Kawu, na faɗi. Na saurari baiti na uku sau bakwai, murya ɗaya nake ji. Na kira Injiniya, mai haɗa mana sauti, ya sa abin kunne ya saurara, ya ce shi ma ɗaya. Da na ce Kawuna ne ya faɗa, ya tambayi shekarunka, na gaya masa, sai ya ce a wannan shekarun ko ƙarar kofi mutum na iya ji biyu. Na harare shi, amma gaskiya na yi dariya.

Kwafinmu duk shashsheƙa ne kamar ana soya wani abu a bayansa. Don Allah ka aiko mini da naka. Manaja ta ce minti biyu kacal kowane mawaƙi zai samu, saboda haka za mu datse amshi gaba ɗaya mu bar muryar mai waƙar, haka ake yi kullum. Na ma rubuta gabatarwar: "Mai Zobe Bakwai, wadda ta rasu tare da wasu mutum huɗu." Daga tsohuwar takardar shirin na kwafo. Ka duba mini in akwai gyara.

Ɗiyarka,
Mai Tambaya

22 ga Nuwamba

Ɗiyata,

Na sami wasiƙarki. Lafiya lau nake, ina fata ke ma haka.

Kaset ɗin ba zai samu ba. Ki yi amfani da na gidanku, tunda datsewa za a yi zai ishe ku. Gabatarwarki ba ta da kuskuren rubutu.

Allah ya ba da sa'a.

Kawu

1 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata jiki da sauƙi. Ni kam tun da takardarka ta zo ban sami sukuni ba. Layi biyar, Kawu. Kai da ko takardar sakamakon jarrabawa sai ka cika bayanta da nasiha. Na juya ta na duba baya, na leƙa cikin ambulan ko wani shafi ya maƙale.

Na san laifina. Ka gaya mini kunnenka na ba ka wahala, ni kuma na kwaso wasan banza na Injiniya na zuba maka, har da cewa na yi dariya. Rashin hankali ne. Ka yafe mini. Na faɗa masa ya jawo mini fushin Kawuna, ya ce a ba ka haƙuri, shi ma babansa haka yake fama.

Na kira Mama na karanta mata abin da na rubuta maka, don ta gaya mini yadda zan ba ka haƙuri. Ta yi dariya a wurin kofi. Amma da na kai gabatarwar sai dariyar ta ɗauke. Daga baya ta ce in bar ta tukunya na kan wuta. Mama ba ta girki da ƙarfe uku.

Ba kaset nake roƙo ba yanzu. Ka riƙe abinka. Ina so dai ka rubuto mini doguwar wasiƙa irin taka, ko faɗa ne a ciki. Garin nan ya fara watsewa, mai shagon ƙasan gidanmu ma ya rufe ya tafi. In ka yi shiru kai ma, ban san wa zan jira ba.

Ɗiyarka

12 ga Disamba

Ɗiyata Mai Tambaya,

Gaisuwa da sa albarka. Lafiya nake. Jinkirin ba na ciwo ba ne, sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Ki cire batun kofi daga ranki. Injiniyanku bai yi ƙarya ba, ni ma na yi murmushi. Abin da ya tsaya mini shi ne datse amshi, da "wasu mutum huɗu". Kuma ba ke ce mai laifi ba, ba ki sani ba, mu muka hana ki sani.

Innarki, matata, tana cikin huɗun nan. An ce muku ta rasu a hanyar dawowa daga unguwa, kina shekara biyar. Daga wasa suke dawowa. Shekara goma sha ɗaya tana yi wa Mai Zobe amshi. Muryar nan ta baiti na uku tata ce.

Ga yadda abin yake. Mai Zobe ta fara manyanta, sama ya fara gagararta. Sai suka shirya: in an zo wurin, ita ta ɗaga hannu da zobbanta ta buɗe baki, Innarki a bayanta ta ɗauki muryar ta kai ta inda za ta kai. Sun saba har ba a ganin ɗinkin. Kada ki ce zalunci ne. Mai Zobe da kanta ta zo falon nan ta ce za ta sa sunan Innarki a bayan kaset. Ni na hana. Lokacin ana maganar ba ni mataimakin shugaban makaranta, dangi kuma na ta gunaguni, wai matar malami guda tana bin mawaƙa. Na ce ta yi waƙarta, amma ban da suna. Innarki ta dube ni ta ce, "To, Malam," ta tashi ta kawo wa baƙuwa ruwa. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Bayan haɗarin wani ɗan jarida ya zo har ƙofar gida yana tambaya ko gaskiya ne matata na cikin ƙungiyar. Na ce masa rage mata hanya aka yi. Saboda haka jimlar da kika kwafo, da hannuna a cikinta. Kowace shekara in zauna a kujerar nan in ji an karanta ta, in kashe rediyo. Bana sai ga ta da rubutun ɗiyata, ana tambayata ko akwai gyara.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Likita ya ce irin ciwon kunnena siririn sauti yake fara ɗaukewa. Kukan tsuntsu ya tafi tun bara. Bana na sa kaset ɗin, ina jin ganga, ina jin Mai Zobe, da aka zo baiti na uku sai na ji wayam. Na ɗauka zaren ne ya lalace. Na kira maƙwabciyata ta saurara, ta ce ga murya nan tangaran. Shi ya sa na ba ki aikin gidan nan. Ina so wani a cikin zuri'armu ya iya jin ta.

Na ba direban motar safe kaset ɗin, naɗe cikin gyalenta, zai kira ki in ya iso. A falon nan na ɗauke shi da rikodar makaranta, ranar da suke gwaji. Innarki ce kusa da na'urar. Kada ki saurari muryar, ki saurari numfashi. Mutum ɗaya ba ya jan iska yana kuma rera waƙa a lokaci guda. Ki kula da daƙiƙa kaɗan bayan muryar ta tashi.

Ban ce ki sa a shirinki ba. Aikinki sabo ne, kada ki yi rigima da Manaja saboda tsoho. Ki ji kawai, ki gaya mini har yanzu tana nan.

Kawunki

24 ga Disamba

Kawuna,

Ina gaisuwa. Kaset ya iso lafiya, gyale ma. Ni ma lafiya, sai dai idona ya kumbura kwana biyu, na ce wa mutanen ofis mura ce.

Tana nan, Kawu.

Injiniya bai yarda mu sa kaset ɗin kai tsaye ba, sai da ya juya zaren da biro a hankali daga farko har ƙarshe, ya goge kan na'ura da auduga. Muka rufe ƙofa. Na yi yadda ka ce. Muryar ta tashi, ta tashi, sai ga tari a ƙarƙashinta. Mai Zobe ta yi tari har sau biyu, muryar kuwa ko girgiza ba ta yi ba, tana can sama abinta. Da ta sauko aka fashe da dariya, na ji Mai Zobe na cewa, "Ke dai ki rage mini wani abu mana, ni ce fa a jikin hoto." Wata murya ta amsa, "Yi haƙuri, Yaya, mantawa na yi ina da ƙasa." Sai wani namiji daga gefe ya ce a yi shiru ana ɗauka. Kai ne, Kawu. Har a lokacin kana tsawatar wa aji.

Injiniya ya cire abin kunnensa ya ce in rubuta maka cewa shi ne kurman. Daga nan muka koma kwafin gidanmu, sai ga shi muna jin wurin da Mai Zobe ke jan numfashi, a fili. Sau bakwai na wuce ta kansa a da.

Na san ka ce kada in yi rigima. Ban yi ba. Na dai kai wa Manaja na'ura har ofishinta tana shirin fita, jaka a kafaɗa. Ta ce minti biyu ne, ba ta ƙara ko daƙiƙa, kuma masu sauraro ba sa son a taɓa musu gwanarsu. Na ce ba ƙari nake nema ba, kuma ba za a rage wa Mai Zobe komai ba, tunda ita da bakinta ta faɗa tana dariya. Ta saurara a tsaye. Da aka zo tarin ta ajiye jakar. Ta ce uwarta ta rasu tana rantsuwa da wannan muryar. Sannan ta ce minti biyun nawa ne, in yi yadda na ga dama, amma in aka yi ta kira ana zagi ni zan ɗauki waya.

Abu ɗaya ya rage, kuma ba zan yi shi ba sai da izininka. Ina so in faɗi sunan Inna cikakke. Na nemo na mai ganga da na direba da na ɗayar 'yar amshin a wata tsohuwar jarida. Nata ne kawai babu. Mama ta ce ita ba ta da ta cewa, kai ka rufe, kai za ka buɗe. Wasiƙa ba za ta iso kafin ranar ba. Ka sa maƙwabciyarka ta turo mini kalma ɗaya ta waya, e ko a'a. In ban ji komai ba, zan ce "da wata 'yar amshi", ba zan kuma ji haushi ba.

Shirin ranar talatin ne, ƙarfe huɗu na yamma.

Ɗiyarka

9 ga Janairu

Ɗiyata Mai Tambaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kin huta, abokiyar zamanki kuma ta dawo, takalma sun zama biyu a bakin ƙofa. Ni lafiya, gwiwa tana nan da halinta.

Maƙwabciyata ta ce sau uku na sa ta karanta mini saƙon kafin ta tura, alhali harafi ɗaya ne.

Ranar talatin layinmu babu kowa, duk an tafi ganin dangi. Na share falo, na sa sabon batir, na jawo kujera kusa da rediyo tun uku da rabi. Muryarki ta fita sosai. Kin ɗan yi sauri a kan Mai Sarewa, ki riƙa ba jimla wurin zama. Na Ɗan Tela kuwa ya yi kyau, musamman da kika bar ƙarar keken a farkon waƙar.

Da kika zo kan mutum huɗun kika faɗe su ɗaya bayan ɗaya, kika ajiye nata a ƙarshe, da sunan mahaifinta. Shekara goma sha tara ban ji an faɗi sunan nan da ƙarfi a ɗakin nan ba, har ni. Sai kika sa baiti na uku. Ba zan ɓoye miki ba, ban ji ta ba. Na ji tarin, na ji shiru a samansa, na ji dariya. Amma ban kashe rediyo ba.

Shekaranjiya direba ya kawo mini kaset ɗina da gyale, da wani kaset na biyu da ba ki ambata a saƙon waya ba. Na karanta 'yar takardar Injiniya, wai ya sauko da baitin ƙasa zuwa inda kunnena ke kaiwa, in bai yi ba in jefar. Ki gaya masa ba muryar waƙarta ba ce. Ta yi kauri. Ta koma irin muryar da take kirana da ita daga ɗakin girki in shayi ya fara hucewa. Na amsa kafin in tuna. Ban jefar ba.

Kin ce mutum biyu sun kira sun yi faɗa, wata tsohuwa kuma ta kira ta ce ita ma ta yi wa Ɗan Tela amshi shekara takwas. Kin karɓi lambarta? Ki neme ta tun tana da sauran numfashi, kada ki jira sai ta shiga shirin ƙarshen shekara.

Ga aikin gida na biyu, kuma wannan ba ni da amsarsa. Ki shiga ɗakin nan naku mai fanka, ki zaro kowane faifai hannunki ya faɗa a kai. Ki rufe ido, ki bar babbar muryar ta wuce, ki bi numfashi. In kin ji wani a baya, ki tambaya wane ne, ki rubuta. Ki gwada da guda ɗaya a satin nan, ki aiko mini da abin da kika ji. Kunnen yanzu naki ne.

Kawunki